Mairam Kyari da Aikin da Ba a San Sunansa Ba

Mairam 'yar Malam Kyari ce, mai sayar da hatsi a kasuwar Babura. Kakanta ne ya taso daga gabas, ya zo cin kasuwa, garin ya karɓe shi ya zauna. Har yau idan ka shiga gidansu za ka ji tsofaffi suna magana da Barbarci, yara suna amsa musu da Hausa. Ita ce ta huɗu a ɗakinsu, kuma a cikin matan ita kaɗai ta yi nisa a boko. Ba ta da yawan magana, amma tun tana ƙarama hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In mariƙin tukunya ya ɓalle ita ke ɗaure shi da waya, in silifa ya tsinke ita ke liƙe shi da wuƙa mai zafi.

Da ta gama sakandare a Kazaure aikin jinya ta nema. Shekara biyu tana nema ba ta samu gurbi ba. A ta uku sai kawunta Dunoma, mai fataucin shanu da ke zaune a Agege, ya aiko cewa akwai wata makarantar aikin lafiya a Legas da ke neman ɗalibai daga Arewa, in an yarda ta zo ta zauna a gidansa. Babu wanda ya san takamaiman abin da ake koyarwa a makarantar. Malam Kyari ya ce tun da aikin asibiti ne, kuma a gidan ɗan'uwa za ta zauna, ta tafi.

Sai a watanta na biyu ta gane abin da ta zo koyo. An kai su ɗakin masu jinya, suka tarar da wata tsohuwa da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Wata shida ke nan 'yarta ke ɗaura mata zani. Malamarsu ta tsaya a gefen tsohuwar, ta nuna mata yadda za ta danne bakin zanin tsakanin ƙugunta da ƙarfen gado, ta jawo ɗaya bakin da hannun hagu ta soke. Zanin ya zame ya fi sau goma. Da ya tsaya, tsohuwar ta dubi 'yarta ta ce ta je waje ta sha iska, yau ba ta bukatar ta. Da suka fito malamar ta ce musu likita yana ƙoƙarin ganin mutum bai mutu ba, mai gashin ƙashi yana dawo wa gaɓa da ƙarfinta, su kuwa nasu shi ne su mayar da mutum ga abubuwan da yake yi da kansa: ya ci abinci, ya yi wanka, ya sa riga, ya koma sana'arsa. Daga ranar Mairam ba ta sake tunanin aikin jinya ba.

Bayan shekara uku ta dawo Babura da takardarta. Malam Kyari ya sa ta zauna a gabansa a zaure.

"To, 'yan kasuwa suna tambayata. Me zan ce musu kin zama?"

Ta faɗa masa sunan aikin da Turanci. Ya gwada maimaitawa, harshensa ya ƙi, ya yi dariya. Ta ce, "Baba, wanda ciwo ya hana shi amfani da jikinsa, ni ke koya masa yadda zai ci gaba da hidimarsa."

"Wato mai gashin ƙashi."

"A'a, Baba. Muna kusa dai, amma ba ɗaya ba ne."

"To nas ce ke nan."

Ta sake bayani, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Washegari ta ji yana gaya wa maƙwabcinsa a ƙofar gida cewa 'yarsa likitar hannu ce. Ba ta gyara masa ba, don ita ma ba ta da wata kalma ta Hausa da za ta ba shi.

Ta auri Mu'azzam, malamin lissafi a wata sakandare a Kazaure, suka zauna can. Bayan shekara biyu aka ɗauke ta aikin gwamnati, aka tura ta wani asibiti da mutanen ƙauyukan Roni da Gwiwa ke zuwa. Likita ɗaya ne tal a wurin, Dokta Muhammadu Lawal, shi ne shugaba, shi ke ganin marasa lafiya, shi ke tiyata. Ya karanta takardarta sau biyu, ya ajiye, ya murza idonsa.

"Malama Mairam, gaskiya ban san inda zan sa ki ba. Ba mu da sashe mai wannan suna, ba mu da ɗaki. Kin iya kwamfuta?"

"Na iya, ranka ya daɗe."

"To ɗakin kati suna neman hannu. Ki riƙa yin kwana uku a can, kwana biyu ki zauna wurin Manasseh, kafin mu ga abin da za a yi."

Manasseh shi ne mai gashin ƙashin asibitin, dattijo mutumin kudancin Kaduna, ya shekara kusan talatin a yankin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ɗakinsa gado ɗaya ne, da fitilar gashi, da wani keken motsa jiki da sarƙarsa ta daɗe da tsinkewa. Shi kaɗai a asibitin ya san aikinta ba tare da ta yi bayani ba.

"'Yata, na san abin da kika karanta," in ji shi. "Na daɗe ina rubutawa a kawo mana irinki. Ni in na gasa wa mutum hannu ya fara motsi, sai in sallame shi, ya je gida matarsa ta ci gaba da ba shi abinci a baki. Yanzu ga shi an kawo ki, ba a kawo wurin da za ki tsaya ba."

Ya ba ta kusurwa ɗaya da benci. Ta fara tara kayanta a kwali: cokula da ta naɗe wa mariƙi da robar tayar keke don su yi kauri, tsohuwar riga mai maɓallai, abin maƙale shanya, kwanon wake da dutse a ciki. Da waɗannan take aiki idan Manasseh ya tura mata wani. Wata rana shugabar masu jinya ta leƙo ta ga wani magidanci da gemunsa yana tsince wake ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwalba, ta fita ta ce an mayar da marasa lafiya 'yan wasa. Maganar ta zaga asibiti. Daga nan masu jinya suka riƙa kiranta Mairam mai wake. Ba da mugunta suke yi ba, har abinci suna ci tare, amma babu wadda ta taɓa turo mata mara lafiya. Likita kuwa in zai tura mutum ɗakin, "gashi" kawai yake rubutawa a kati.

Haka ta shekara huɗu. Marasa lafiya suna kiranta nas, wasu likita, wasu mai kati. Tun tana gyarawa har ta daina.

A shekara ta biyar, gab da faɗuwar damina, aka kawo Sadiyya. Mace ce mai kimanin shekara talatin daga wani ƙauye bayan Gwiwa, tana suyar awara a bakin tasha. Murhu ya goce, kasko ya kife, tafasasshen mai ya wanke mata hannun dama tun daga yatsu har wuyan hannu. Sai da ta kwana uku a gida ana shafa mata ɗanyen ƙwai kafin mijinta Daudu ya kawo ta a babur. Masu jinya suka wanke ciwon da kyau, suka naɗe hannun duka da bandeji a dunƙule kamar curin fura.

Mairam ta kai kati ɗakin mata ne ta gan shi. Ta tsaya tana kallo, sannan ta wuce kai tsaye wurin likita, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jira ya sallami mutum uku.

"Ranka ya daɗe, matar nan mai ƙuna. In ciwon ya warke a yadda aka naɗe shi, fata za ta janye, yatsun su manne a tafin hannu. Ba za ta sake buɗe shi ba."

Ya ɗago ya dube ta kamar ranar ya fara ganinta. "Akwai abin da za ki iya yi?"

"Akwai. A naɗe kowane yatsa daban, a tallafe hannun a buɗe, a riƙa motsa shi kullum."

"Ki yi. Amma kada ki hana su wankin ciwo."

A hanyarta ta komawa gida ta tsaya wurin masu kayan famfo a Kazaure ta samo guntun bututun roba. Ta tsaga shi, ta gasa a kan gawayi har ya yi laushi, ta shimfiɗe, ta lanƙwasa shi daidai da nata hannun. Na farko ya ƙone, na biyu ya fito. Ta goge bakinsa da dutse, ta lulluɓe shi da auduga. Aikinsa kamar na karan ɗori ne, sai dai shi riƙe yatsu yake a miƙe, babban yatsa kuma a ware.

Kullum tun kafin a buɗe ɗakin kati tana bakin gadon Sadiyya. Ta kwance, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe su, ta mayar. Sadiyya ba ta ihu, sai dai ta juya fuska ga bango hawaye na zuba.

"Likita, ke kullum sai kin zo kin fama mini ciwo," ta ce wata safiya.

"Ki yi haƙuri. In ban fama yau ba, nan da wata biyu ba za ki iya riƙe matsami ba."

"Kin san matsami?"

"Don shi nake zuwa. Nuna mini yadda kike riƙe shi."

Sadiyya ta nuna da hannun hagu, har da yadda take juya awarar ta kaɗe mai a bakin kasko. Ta yi ta ba ta labarin sana'ar: yadda take jiƙa waken suya tun da yamma, da irin ruwan tsamin da ya fi tsinka shi, da direbobin da ba sa tashi daga tasha sai sun ci nata. Shekara tara tana wurin. Mairam tana saurare tana lura da yatsun da aikin ya fi bukata.

A mako na uku babban yatsa ya taɓa manuniya. Mairam ta ajiye ƙwayar dabino a kan faranti, Sadiyya ta ɗauke ta da hannun da ya ƙone, ta kai baki. Ɗaya daga cikin masu jinyar da ke tsaye ta ce, "Ashe abin nan da gaske ne." Aka sallami Sadiyya a kan za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis, ta kuma riƙa kwana da robar a hannu. Mairam ta ja wa Daudu kunne cewa watannin da ke tafe sun fi waɗanda suka wuce haɗari, don lokacin ne tabo ke janyewa. Ya ce in Allah ya yarda ba za su yi fashi ba, kuma sau huɗu a jere ba su yi ba.

Ana cikin haka ruwa ya sauka sosai, amai da gudawa ya ɓarke a wasu ƙauyuka ta wajen Roni. Aka kafa rumfunan jinya a wata firamare, aka ce duk ma'aikacin da za a iya ɗagawa ya tafi can. Sunan Mairam ya fito a jerin masu taimako, na Manasseh ma haka. Ta sami likita a bakin mota yana shirin tafiya.

"Ranka ya daɗe, a bar mini safiya biyu a mako. Saboda Sadiyya."

Idanunsa sun yi ja, da gani ya kwana biyu bai huta ba. Ya ce, "Malama Mairam, mutum goma sha ɗaya muka rasa cikin kwana huɗu. Yawancinsu yara ne. Ke kuma hannu ɗaya kike kawo mini."

Ba ta ga inda ya yi kuskure ba. Ta shiga motar.

Mako bakwai ta yi a can tana rubuta sunaye, tana haɗa ruwan gishiri da sukari, tana riƙe wa masu jinya ledar ƙarin ruwa. Ta kira wayar Daudu ya fi a ƙirga, ba ta shiga, don ƙauyensu sai an hau tudu ake samun sabis. Sau ɗaya ta same shi, ya ce sun je asibiti sau biyu sun tarar da ɗakin a kulle, mai gadi ya ce masu gashi sun yi tafiya. Yanzu kuma rafi ya kawo, babur ba ya ƙetarewa. Tana cikin gaya masa abin da za su riƙa yi a gida wayar ta yanke.

Ranar Asabar ta farko bayan an rushe rumfunan, Mu'azzam ya ɗauke ta a babur suka nufi ƙauyen. Sun tura babur a cikin yashi fiye da yadda suka hau shi. Suka tarar da Sadiyya a tsakar gida, hannun a lulluɓe da gefen mayafi. Bayan gaisuwa Mairam ta ce ta gani.

Ciwon ya warke sarai. Fatar ta yi kauri tana ƙyalli, yatsu huɗu sun lanƙwashe zuwa tafin hannu, babban yatsa ya manne a gefe. Mairam ta kama manuniya ta ja a hankali. Manuniyar ta tsaya cak kamar an ɗaure ta da igiya. Ta gwada sauran, duk haka.

"Na yi ta yi yadda kika ce," in ji Sadiyya. "Sai robar ta tsage ta fara cin fatata, na cire. Gwaggona ta ce in riƙa shafa man kaɗe in bar shi ya huta. Da na ga yana rufewa na yi ta ja da kaina, ya ƙi."

Daudu, wanda ya dawo daga gona ƙafarsa duk laka, ya tsuguna daga nesa ya ce, "Malama, ba laifin kowa ba ne. Mun ji abin da ya faru a can. Yanzu meye abin yi?"

Ta gaya musu gaskiya. Sai an je Kano an yi tiyata an saki fatar, bayan nan kuma a yi watanni ana irin aikin da suka fara, kullum, ba fashi. In ba a yi na biyun ba, na farkon banza ne, hannun zai sake rufewa. Daudu ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa.

"To, sai bayan kaka, in Allah ya kai mu."

Mairam ta ce Allah ya kai mu. Ta san ko sun je Kano sun dawo, ita ce za ta yi watannin, kuma ba ta da tabbacin za a bar ta ta yi su.

Kafin su tafi ta karɓi matsamin Sadiyya, ta ɗaura masa maɗauri da tsumma yadda zai zauna a wuyan hannu ba sai an riƙe ba. Suka gwada da tsakuwa a kwano, yana ɗauka. Sadiyya ta yi murmushi ta yi godiya. Daga baya Mairam ta ji cewa sau ɗaya Sadiyya ta gwada shi a kan wuta. Da man ya fara tafasa sai ta kasa matsawa kusa da kaskon, don ta san in ya sake gocewa ba ta da hannun tarewa. Wata mata ce ke suya a wurinta na tasha yanzu. Kaka ta zo ta wuce, ba a je Kano ba.

A hanyar dawowa ran nan sun tsaya a inuwar wata tsamiya don injin ya huce. Mu'azzam ya juyo ya dube ta.

"Mairam, cikin waɗanda kuka gama tare, nawa ne ke wannan aikin har yanzu?"

Ta yi tunani. Cynthia, wadda suke zama benci ɗaya, ta tafi ƙasar waje. Biyu sun koma makaranta sun canza layi. Wata tana sayar da atamfa ta waya.

"Ba yawa," ta ce.

"Makarantarmu na neman mai koyar da kiwon lafiya. Ba sai kin bi hanya kullum ba, kuma kowa zai san abin da kike yi."

"In na bari, duk yankin nan babu kowa."

"Yanzu ma akwai?" Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya ce kawai. Ya tayar da babur suka tafi.

Ta rubuta wa hedikwata takarda mai shafi uku, ta haɗa da hoton hannun a mako na uku da hotonsa bayan mako bakwai ɗin da ta yi ba ta nan. Ta nemi ɗaki ɗaya, da a cire ta daga ɗakin kati. Likita ya sa hannu ya ƙara da nasa layi biyu na goyon baya. Bayan wata biyar amsa ta zo: an ga bayaninta, an yaba, amma har yanzu ba a tanadi irin wannan sashe a asibitoci masu girman nasu ba, za a duba nan gaba.

Shekarar da ta biyo Manasseh ya yi ritaya. Ranar da zai tafi ya miƙa mata mabuɗin ɗakin, ya ce zai riƙa sa ta a addu'a. Ba a turo wani a madadinsa ba. Likita ya kira ta ya ce daga yanzu ta bar ɗakin kati, ta riƙe wurin Manasseh.

"Ranka ya daɗe, gashin ƙashi ba shi na karanta ba. Abin da na sani a ciki kaɗan ne."

"Na sani. To wa zan ba?"

Ta karɓa. Abin da ta iya tana yi, wanda ya fi ƙarfinta ta rubuta a kai Kano. Kullum kafin ta iso layi ya kai bakin baranda: masu ciwon gwiwa, masu ciwon baya, waɗanda aka cire wa filasta. Minti goma goma take ba kowa, in ba haka ba la'asar ta yi mutane suna zaune.

Kwanan baya aka kawo wani dattijo daga Kanya Babba, tela ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mairam ta gasa masa kafaɗa, ta motsa masa hannu. Da aka gama matarsa ta ɗauko rigarsa ta zura masa, ta tsaya a gabansa tana ɓalla masa maɓallai tun daga wuya, shi kuwa ya kawar da kai yana kallon taga. Mairam ta san yadda ake fara sa hannun da ya mutu a riga kafin mai lafiyar, ta san yadda ake tura maɓalli da yatsa biyu. In ta samu awa ɗaya sau shida, mutumin nan zai sa rigarsa da kansa, wataƙila ma ya koma kan keken ɗinki. Ta leƙa baranda. Mutum ashirin da wani abu ne a zaune, wata tsohuwa har ta kwanta a kan siminti.

"Baba, ku dawo ranar Alhamis, akwai abin da zan nuna muku," ta ce.

Matar ta ce to. Ta kama shi suka fita a hankali, ƙafarsa tana jan ƙasa. Alhamis ita ce ranar da layin ya fi tsawo. Mairam ta goge gadon, ta ɗauki kati na gaba ta kira suna.